DARASIN FALAKI: SHIN ƊAN ADAM ZAI IYA TAREWA A MIRRIHU?



Dalilin wanga darasi tambaya ce da wani yaro ɗan aji biyar ya yi mini bayan mun tashi karatun la'asar. Ya ce, "Malam, wai da gaske masu kuɗin Amurka za su koma wani tauraro su bar mu nan?" A wayar yayansa ya ga labarin attajirin nan Elon Musk, wanda ya sha faɗin cewa yana son kafa birni na mutum miliyan ɗaya a Mirrihu. 'Yan ajin sunka yi dariya. Ni ko ban yi ba, domin na ga abin ya dami yaron, kuma tambaya ce ta ilmi.

Ilmin falaki ba baƙo ba ne a garin nan. A shekarar 1824 Baturen Birtaniya Kilafaton ya zo wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da na'urorinsa na awon taurari, ya kuma rubuta cewa ya iske Bello ya san burujai duka da taurari masu yawa da sunayensu na Larabci. Saboda haka kada wani ɗalibi ya ɗauka mun saki layi.

Duniyarmu tana da maƙwabta biyu da ke kewaya rana kamar yadda take yi. Ta ɓangaren rana akwai Zuhura, watau Zara matar wata, wadda in ta fito da asuba muke ce mata gamzaki. Kyaunta daga nesa ne. Zafinta ya haura digiri 460, har darma narkewa take yi, kuma kumbon Rasha da ya sauka can a 1982 minti 127 kawai ya yi yana aiko da saƙo ya mutu. To, mun sallami wagga. Saura na ɗaya ɓangaren, jan tauraron da Larabawa ke kira Mirrihu, Turawa kuma Mas. A kansa ne ake dogon buri.

Abin da zai ba ka mamaki, ya kai ɗalibi, shi ne guntun Mirrihu ya riga ya zo ƙasar Hausa. Ranar 3 ga Oktoba 1962 wani manomi yana korar hankaki a gonarsa a Zagami, ƙasar Katsina, sai ya ji wata irin tsawa, dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo 'yan taku kaɗan daga inda yake tsaye, ya nutse cikin ƙasa. Yaya anka san daga Mirrihu yake? A 1976 kumbunan Amurka biyu masu suna Viking sun sauka can sun auna iskar wurin. A 1995 masana sunka auna 'yar iskar da ta maƙale cikin dutsen Zagami, sunka ga ta dace da waccan. Bayaninsu shi ne wani babban dutse ya taɓa faɗa wa Mirrihu da ƙarfi, ɓaraguzai sunka fantsama sama, ɗayansu ya yi ta yawo har Allah ya ƙaddara ya faɗo gonar Bakatsine. A Nuwamba 2023 kuma an tsinci wanda ya fi shi girma, kusan kilo 25, a yankin Agadas. An yi gwanjonsa a Amurka a Yuli 2025 a kan dala miliyan 5 da 'yan kai, gwamnatin Nijar kuwa ta ce za ta binciki yadda anka fitar da shi daga ƙasarta.

Yanzu sai mu rarrabe kalmomi biyu, domin nan mas'alar take: ziyara daban, tarewa daban. Mai ziyara da guzurinsa yake tafe, in ya ƙare ya koma gida. Wanda ya tare kuwa, wurin ne ke shayar da shi, ya ciyar da shi, a haifa masa 'ya'ya su girma. Sakkwato ta zama gari ne saboda gulbin Rima da gulbin Sakkwato da fadamunsu. Bari mu auna Mirrihu da wanga ma'auni.

Fara da iska, wadda ba ka taɓa biyan ko sisi a kanta ba. Iskar Mirrihu kashi 95 cikin 100 kabon ce, irin wadda kake fitarwa in ka yi numfashi, kuma siririya ce ƙwarai, kaurinta bai kai kashi 1 cikin 100 na tamu ba. Wanda ya fita ba tare da rigar 'yan sama jannati ba, kafin ya ƙirga ashirin ya suma. Hukumar NASA ta gwada tace oksijin daga iskar can da wata ƙaramar na'ura da ta ɗora wa motar bincikenta Perseverance. Daga 2021 zuwa 2023 an kunna ta sau 16, ta tara giram 122. Baligi yana buƙatar wajen giram 800 kowace rana. Ka yi lissafi da kanka, duk abin da anka tara bai kai mutum ɗaya daga azahar zuwa magariba ba. Adalci dai a faɗa, na'urar gwaji ce, kuma ta nuna abin yana yiwuwa. Amma tsakanin wanga da numfashin mutum miliyan ɗaya akwai tafiya.

Sanyi kuma, mu da muke ƙudundunewa da bargo da kaskon wuta in ɗarin Janairu ya sauko, matsakaicin yanayin can digiri 60 ne ƙasa da inda ruwa ke daskarewa. Ruwa akwai, amma ƙanƙara ne binne cikin ƙasa. Kumbon Phoenix ya tono shi a 2008, kuma shi ne ya gano cewa turɓayar tana da wani gishiri mai guba da ke ɓata aikin ƙululun maƙogwaro, inda maƙoƙo ke fitowa. Sai an wanke ƙasa kafin a shuka gero a cikinta, da ruwan da shi ma sai an tono an narkar, cikin ɗakin da anka rufe anka hura wa iska. Hazonmu na hunturu kwana biyu zuwa uku ya washe. Na can, a 2018, ya lulluɓe tauraron baki ɗaya har makonni, ya kashe motar bincike Opportunity mai aiki da hasken rana, wadda ke can tun 2004.

Wani zai ce ai sai a gina rufaffen gida mai gona da tafki a ciki. An gwada, a nan duniya ma. Daga Satumba 1991 zuwa Satumba 1993 an rufe maza huɗu da mata huɗu cikin wani ƙaton ginin gilashi a jihar Arizona ta Amurka, da itatuwa da awaki da kaji, bisa sharaɗin su ci abin da sunka noma su shaƙi iskar da tsirrai sunka ba su. Sun rame saboda yunwa, oksijin ya sauka daga kashi 21 zuwa wajen 14, har sai da anka tura musu wani daga waje. Su suna da waje. Mutumen Mirrihu fa, wa zai tura masa?

Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro sukan yi watanni a hanya, amma akwai zango da rijiya da kasuwa. Hanyar Mirrihu wata bakwai ce babu zango, kuma sau ɗaya take buɗewa cikin wata 26, lokacin da duniyoyin biyu sunka daidaita. In ka yi sallama ta rediyo, sai ta yi minti 3 zuwa 22 kafin ta iso nan. Wuri mafi nisa da ɗan Adam ya taka da ƙafarsa shi ne wata, mutum 12 tsakanin 1969 da 1972, tafiyar kwana uku.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne haihuwa. Jan ƙasar Mirrihu bai kai rabin namu ba, mai kilo 50 zai ji kansa kamar kilo 19. Daɗi a ji, amma ƙashi da tsoka da nauyi suke ƙarfi, shi ya sa 'yan sama jannati ke dawowa ana tallabe su. Ga kuma haskoki masu jawo ciwon daji da ke zubowa daga rana da sararin sama, waɗanda maganaɗisun duniyarmu da kaurin iskarta ke tare mana, Mirrihu kuwa ba ya da wagga garkuwa. Har yau ba a taɓa haihuwar ɗan Adam a wajen duniya ba, ko sau ɗaya. Garin da ba a yi suna a cikinsa ba, sansani ne.

Malamai ma sun shiga maganar. Wani kamfani na ƙasar Holan mai suna Mars One ya yi shelar kai mutane tafiyar da babu dawowa, ya ce fiye da mutum 200,000 sun nuna sha'awa, ya karɓi kuɗin rajista. A Fabrairu 2014 hukumar harkokin addini ta Daular Larabawa ta ba da fatawa cewa irin wagga tafiya ba ta halatta, domin jefa rai ne ga halaka. Kamfanin ya karye a 2019, bai harba ko kumbo ɗaya ba. Ka lura, fatawar ba bincike ta hana ba. Ita wagga ƙasa da kanta ta aika kumbonta mai suna Amal, ya isa kewayen Mirrihu a Fabrairu 2021.

Ga amsata ga ɗalibina. Ziyara, ina ganin mai yiwuwa ne wasunku su ji labarinta a zamaninsu. Tarewa kuwa, wadda mutum zai yanke guzuri daga duniya ya rayu, babu gwajin da ya nuna ta tukuna, wallahu a'alam. Attajirin ma a nan yake shan iska tare da mu.

Aikin gida ga 'yan aji biyar da shida: shekarar Mirrihu kwana 687 ce da ƙirgenmu, shekarar Hijira kwana 354. Yaro mai shekara 15 ta Hijira, shekararsa nawa da ƙirgen can? A kawo mini ranar Asabar, kuma ban yarda yaya ya yi wa ƙane ba.