Baƙon da ba ya wuce zaure

Wata wasiƙa ta iso wani shiri daga wata ɗalibar koyon aikin jinya a Katsina. Ta tambaya: idan mutum ya razana, yaya sinadarin adirenalin yake sa hanta ta saki sukari cikin jini, alhali an ce ba ya shiga cikin ƙwayar halitta? Mai gabatar da shirin ya karanta ta sau biyu, ya gyara murya, ya ce, "Malama, tambayar nan ta ci wa wani likita shekaru."

Likitan shi ne Earl Sutherland na Amurka. A jami'ar Western Reserve da ke birnin Cleveland, shi da Theodore Rall suka niƙa hantar kare, suka ware niƙan gida biyu: gutsattsarin fatar ƙwayoyin gefe, ruwan cikinsu gefe. Suka zuba adirenalin a ruwan, shiru. Da suka zuba a kan fatar, sai ta haifar da wani abu da ko tafasa ba ta lalata shi, kuma ana ɗiga shi a ruwan, aikin sakin sukari ya kankama. A 1957 ke nan. Abin shi ne cAMP, ya kuma jawo wa Sutherland kyautar Nobel a 1971.

Nan mai shirin ya kawo misalin da ya fi burgewa. Baƙo, in ji shi, iyakarsa zaure. Ya yi sallama, yaro ya shiga da saƙo cikin gida. Adirenalin ne baƙon, cAMP ne yaron, shi ya sa masana ke ce masa ɗan aike na biyu.

Daga baya Martin Rodbell da Alfred Gilman suka gano wani makunni tsakanin baƙon da yaron, furotin G, suka karɓi tasu kyautar a 1994.

Mai shirin bai bar maganar a Amurka ba. Ya tuna wa ɗalibar cewa dafin ƙwayar cutar amai da gudawa wannan makunnin yake dannewa a hanji, ya ƙi kashewa, cAMP ya taru, ruwa ya yi ta kwarara. Amma ƙofar da sukari ke bi ya ja gishiri da ruwa zuwa cikin jiki tana nan lafiya. "Don haka, Malama," ya ce, "in an kawo miki mai gudawa da damina, ki fara da haɗin gishiri da sukari."