Abin da Ruwa Ba Ya Ci

Karatu: Farawa 12:1-9, Yohanna 4:19-24.

'Yan'uwa, a shekara ta 1968 aka gama madatsar ruwa ta Kainji. Kogin Kwara ya cika ya batse, ya zama tabki har wajen Yelwa ta Yawuri. Mutum fiye da 40,000 suka tashi. Gungawa suka bar tsibiransu da gonakin albasa, suka koma tudu. Tsohon garin Busa ya nutse, duk da wuraren sujada da kaburburan kakanni.

To, ina mutum za ya yi sujada idan ruwa ya rufe wurin da ya saba? Musulmi da Kirista duka sun san Ibrahim. Ya bar ƙasarsa, ya gina bagadi a Shekem, ya sake gina wani kusa da Betel, gama Allah yana tare da shi ko'ina. Yesu kuma ya koya wa matar Samariya, zuciya mai gaskiya Uba yake nema, ba tsauni ba.

Tambaya: Da za a tashe ka gobe, me za ka ɗauka wanda ruwa ba ya ci?