Gigin Tsufa: Abin da Bincike Ya Gano da Abin da Ke Hannunmu

Jama'a, akwai wata cuta da ke zaune a gidajenmu da yawa, amma ba mu ɗauke ta a matsayin cuta ba. Tsohuwa ta idar da sallar azahar, ta shafa addu'a, jim kaɗan ta sake ɗaukar buta. Matar ɗanta ta ce, "Inna, ai kin yi." Ta ce, "Ni? Yaushe?" Gobe ta ƙulle kuɗinta a bakin zane ta manta, ta ce jika ne ya ɗauke. Jibi a neme ta a rasa, sai a tsinto ta a bakin kasuwa tana tambayar hanyar gidan mahaifinta, wanda ya daɗe da rasuwa. Sai mu ce gigin tsufa ne, duk wanda ya yi tsawon rai zai gani. Wasu su ce sammu ne ko iska. In aka yi rashin sa'a ma, a jingina wa baiwar Allah maita.

To, likitoci sun ce ba tsufan ne kansa ba. Ciwon mantuwa ne da ke kama ƙwaƙwalwa, wanda ya fi samun tsofaffi. Kowannenmu ya san dattijon da ya haura tamanin, amma har yanzu shi ake tambaya iyakar gonaki da asalin dangi, bai taɓa kuskurewa ba. Da tsufa ne kawai, da shi ma ya rikice. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutum miliyan 57 ne ke fama da wannan ciwo, fiye da kashi 60 cikin 100 kuwa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suke, irin namu.

Abin da ke faruwa a cikin kai

Hanyoyi biyu suka fi yawa. Ta farko ita ce cutar Alzheimer, wadda aka sa wa sunan likitan Jamus da ya fara bayaninta a 1906. Wasu sinadarai ne ke taruwa a ƙwaƙwalwa suna kashe ƙwayoyinta a hankali, kuma sukan fara da sashen da ke ajiye sabon abu. Shi ya sa tsoho zai ba ka labarin aurensa tiryan-tiryan, amma bai san ko ya karya kumallo ba. Ta biyu daga jijiyoyin jini take. Ƙwaƙwalwa kamar lambun rani ce, ƙananan magudanai ne ke kai ruwa ga kowane fangali. In wata ta toshe ko ta fashe, fangalin da take shayarwa ya bushe ke nan. Hawan jini da ciwon suga da taba su ne manyan masu lalata waɗannan jijiyoyi. Sau da yawa kuma hanyoyin biyu sukan haɗu a kan mutum ɗaya.

Wani kwamitin masana da mujallar likitoci ta Lancet ta kafa, ƙarƙashin Farfesa Gill Livingston ta Landan, ya daɗe yana tattara abin da aka gano. A 2017 ya ƙirga abubuwa tara da ke ƙara haɗarin ciwon waɗanda ana iya gyara su. A 2020 suka zama goma sha biyu, a 2024 goma sha huɗu. Lissafin kwamitin shi ne, da za a kawar da su duka, da an hana ko an jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na masu kamuwa. A lura fa, wannan lissafin jama'a ne baki ɗaya, ba alkawari ba ne ga mutum ɗaya. Wani zai kiyaye komai ya kamu, domin akwai gado, akwai kuma abin da Allah ya ƙaddara. Saboda haka kada a ce wa mai ciwo shi ya jawo wa kansa.

Tun kafin wannan, an sami ishara daga nan gida Nijeriya. Masana daga Jami'ar Ibadan da ta Indiana sun bi tsofaffin Yarabawa a Ibadan da baƙaƙen fata a birnin Indiyanafolis na Amurka, da ma'auni iri ɗaya. Sakamakon da suka fitar a 2001 ya nuna masu kamuwa a kowace shekara a Ibadan ba su kai rabin na can ba. A lokacin kuwa hawan jini da suga da kitsen jini sun fi yawa a can. Sai dai kada mu yi saurin murna, domin cimarmu da zamanmu sun sauya tun daga lokacin, kuma waɗannan cututtuka sun cika birni, sun shiga ƙauye.

Darasi daga ƙauyukan Sin

A ganina, cikin duk labaran da suka fito a 'yan shekarun nan babu wanda ya shafe mu kamar wanda aka buga a 2025 daga ƙasar Sin. An ɗauki ƙauyuka 326, da mutum kusan dubu 34 masu hawan jini, 'yan shekara arba'in zuwa sama. Aka raba ƙauyukan biyu ta hanyar ƙuri'a. Rabi aka bar su da kulawar da suka saba. A ɗaya rabin aka horar da ma'aikatan lafiya na ƙauye, waɗanda ba cikakkun likitoci ba ne, su riƙa auna jini, su ba da magani kyauta ko da rangwame, su ƙara ko su sauya shi bisa ƙa'idar da aka rubuta musu, har awon ya sauka ƙasa da 130 bisa 80. Suna kuma yi wa mutane nasiha a kan gishiri da ƙiba da giya. Bayan shekara huɗu, masu kamuwa da ciwon mantuwa a waɗannan ƙauyuka sun ragu da kashi 15 cikin 100 in aka kwatanta da sauran.

Mai karatu ya dubi abin da aka yi aiki da shi: na'urar awo, da ƙwayoyin da ake samu a kowane babban kemis, da mutumin gari wanda ya san ƙofar gidan kowa. Duk muna da su. A jerin kwamitin Lancet, rashin ji da kitsen jini sun fi hawan jini kaso mai yawa, amma a kan hawan jini ne aka sami irin wannan gwaji mai ƙarfi, kuma shi ne ya fi sauƙin kamawa a wurinmu.

Illar hawan jini ita ce ba ya sallama. Mutum zai shekara goma da shi bai ji ko ciwon kai ba. Awo kawai ke nuna shi, awon kuma yana da ladabi. Ka zauna a kujera ka huta minti biyar, bayanka a jingine, ƙafafu a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji. Kada ka ci goro ko ka sha taba ko shayi mai ƙarfi rabin sa'a kafin nan. Kada ka yi magana ana cikin awo, ko da mai awon abokin wasanka ne. In aka sami 140 bisa 90 ko sama a ranaku daban-daban, to ka ga ma'aikacin lafiya. Kuskuren da ya fi yawa kuwa shi ne, mutum ya sha magani wata guda, ya ga awo ya sauka, ya ce ya warke, ya ajiye. Maganin ne ya sauke shi. In ka daina, zai koma inda yake.

Sai gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram biyar a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Uwargida ta sani cewa dunƙulen magi mafi yawansa gishiri ne, kanwa ma 'yar uwarsa ce. Wadda ta zuba ukun a tukunya guda ta yi gishiri sau uku. Daddawa da albasa da citta da tafarnuwa suna nan, a rage sannu a hankali, harshe zai saba.

Kunne da ido

Wannan ne ya fi ba mutane mamaki. Dattijon da kunnensa ya yi nauyi yakan gaji da cewa "na'am?", sai ya daina zuwa majalisa, ya daina sa baki a hira, ƙwaƙwalwarsa ta rasa abin yi. A wani gwaji da aka yi a Amurka, aka buga a 2023, an ba wasu tsofaffi na'urar ji. In aka haɗa kowa da kowa ba a ga bambanci ba, amma a cikin waɗanda suka fi fuskantar haɗari, raguwar tunani ta yi sauƙi da kusan rabi cikin shekara uku. Na'urar tana da tsada, gaskiya ne. Amma wani nauyin kunnen dauɗa ce kawai ta toshe, wani kuma tun yarinta ya samo asali, daga kunne mai zubar da mugunya da aka yi sakaci da shi, ko sanƙarau. Haka yanar ido: aiki ne na ɗan lokaci, ana yin sa a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da asibitoci da dama. Bai kamata a bar tsoho a ɗaki shekara da shekaru a ce ai idon tsufa ne ba.

Sauran abubuwan da ke ƙara haɗarin ba baƙi ba ne: hayaƙin itace a madafa marar taga, buguwar kai ga mai hawa babur babu hular kwano, zaman wuri ɗaya, kaɗaici, baƙin ciki mai daɗewa da ba a nemi maganinsa ba, da ƙarancin karatu tun ƙuruciya. Wannan na ƙarshe ya isa iyaye su sake tunani kafin su cire yarinya daga makaranta.

Za a ji labarin sababbin magunguna. Akwai Lecanemab, wanda Amurka ta amince da shi a 2023. Ba ya warkarwa, yana ɗan rage saurin ciwon ne ga wanda ke matakin farko, ta allura ake ba da shi, yana iya kumbura ƙwaƙwalwa, kuma a 2023 kuɗinsa ya kasance dala 26,500 a shekara. Duk wanda ya zo da kwalba a mota da lasifika ya ce yana da maganin mantuwa, riƙe kuɗinka.

Wanda ya riga ya kamu

A kai shi asibiti tukuna. Wani rikicewar ba wannan ciwon ba ne: ƙarancin wani sinadari a jini, ko matsalar maƙoƙo, ko ciwon fitsari, ko magungunan da suka yi masa yawa, duk suna iya birkita tsoho, kuma suna jin magani. Rikicewar da ta zo farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, ta gaggawa ce. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri, zuwa can kuma ba abin kunya ba ne. A gida, kada a yi gardama da shi, kada a bar yara su mai da shi abin tsokana, kada a ɗaure shi. A sa masa takarda a aljihu mai ɗauke da sunan unguwa da lambar wani ɗansa. 'Ya'ya maza kuma su tuna cewa jinyar ba ta mace ɗaya ba ce. A yi karɓa-karɓa, domin mai jinya ma yana gajiya har ya kwanta.

Abin da ya rage na masu unguwanni ne da limamai da kwamitocin raya mazaɓu. Su je ƙaramin asibitin garinsu su tambaya ko akwai na'urar awon jini mai aiki, ko akwai batir, ko maganin hawan jini yana yankewa. In babu, a kai kuka ga ƙaramar hukuma a rubuce. In akwai, a roƙi ma'aikacin ya ware rana guda a mako, ko ranar kasuwa ko bayan sallar Juma'a, a yi shela duk wanda ya kai arba'in, namiji da mace, ya zo a auna shi a rubuta masa a kati.