Amsoshin Tambayoyinku: Ko Kaki Yana Hana Kwanon Baƙin Mai Yin Tsatsa?

Wani mai karatu daga Zariya ya rubuto cewa ya sayi mota 'yar Kwatano. Da aka ɗaga ta za a juye baƙin mai, sai ya ga kwanon da ke ƙasan inji ya yi ja da tsatsa. Ya ji ana cewa a Turai akwai kakin da ake fesa wa ƙasan mota, shi ne yake tambaya ko zai yi masa maganin abin.

Malam, na ji daɗin tambayar nan, domin ba kowa ke leƙa ƙarƙashin motarsa ba sai ta fara ɗiga.

Kwanon nan shi ne matattarar baƙin mai, can man yake gangarawa ya kwanta idan an kashe inji. Cikinsa bai cika tsatsa ba, tunda kullum a jiƙe yake da mai. Ta waje ɓarnar take shigowa. A Kanada da arewacin Amurka da Turai ana watsa gishiri a titi lokacin sanyi don ƙanƙara ta narke. Taya ta feso ruwan gishirin, tsakuwa ta ƙwarzane fenti, sai tsatsa ta sami ƙofa. Mai yiwuwa tun daga can motarka ta taho da ita.

Kakin kuwa, irin su Waxoyl da Dinitrol, ba na zuma ba ne. Daga ɗanyen mai ake samo shi, a gauraya da sinadarin hana tsatsa. Yana zama da laushi, ba ya tsagewa, ya raba ƙarfe da ruwa da iska. A cikin ƙofofi da lungunan firam ɗin mota, aikinsa ba a magana.

A kan kwanon mai ne ƙarfinsa ke raguwa. Man inji yakan kai zafin digiri 90 zuwa 110, kakin ya yi laushi, ya kama ƙura. Kuma in aka fesa shi a kan ɓawon tsatsa, rufe ciwo kawai aka yi da tufa.

Shawarata, fenti ne gaba. A wanke maiƙon tas, a kankare tsatsar da burushin ƙarfe da samfefa har ƙarfen ya yi haske, a shafa ruwan kashe tsatsa, a bi da fenti mai jure zafi. In ya bushe sarai, sannan a ɗora kaki sama-sama, a riƙa sabunta shi kafin damina. Kada ya taɓa salansa ko birki ko bel. Tsohon baƙin mai da wasu ke shafawa kuma a bar shi, yana lalata roba, yana ɓata ƙasa.

Amma kafin duk wannan, ka sa makanikinka ya goge wurin, ku sake dubawa bayan kwana biyu. In mai yana tsattsafowa ta jikin ƙarfen, tsatsa ta riga ta huda shi. Kada ka jira, ka canja kwanon, domin kuɗinsa bai kai na inji ba.