Makirufon da ake maƙalawa a jikin garaya

Wani mai sauraronmu daga Kalgo, makaɗin garaya, ya ce idan an gayyace shi biki a Gwandu, kalangu da hayaniyar jama'a sai su danne kiɗansa. Yana tambaya ko ƙaramin makirufon da ake maƙalawa a jikin kayan kiɗa zai taimaka.

Malam, zai taimaka ƙwarai. Iri biyu ne. Akwai wanda ake liƙawa, yana ɗaukar girgizar jikin garayar ne kawai, don haka surutun taro ba ya shiga sosai. Shi ya fi dacewa da filin biki, sai dai sautinsa ya ɗan bushe. Na biyun yana da ɗan wuya mai lanƙwasa, yana jin sautin ta iska kamar kunne, ya fi zaƙi wajen naɗa, amma yana buƙatar batir ko wutar volt 48 daga na'urar haɗa sauti.

Inda za ka sa shi ya fi tsadarsa muhimmanci. Kada ka danne tsakiyar fatar, muryar garayar za ta shaƙe. Matsa gefe, kusa da inda tsirkiya ke hawa, kana kaɗawa kana saurare har ka dace. Ka ɗaure wayar, don motsinta na shiga naɗi. Kuma ka tsaya bayan lasifika. In ka shiga gabanta, kuwwar nan mai huda kunne za ta tashi.

Zafin bazara kan narkar da gam, don haka je kasuwar Birnin Kebbi da garayarka, ka gwada mai maƙalli maimakon mai gam kafin ka biya.