Littattafan Jagorar Sabon Hafsa da Matsayin Hausa a Cikinsu

Gabatarwa

Ranar da aka ɗaura wa saurayi anini a kafaɗa, daga ranar ya zama hafsa, aka kuma damƙa masa amanar rayukan dakarun da wasunsu sun haife shi. Ba ya iya riƙe wannan amana da ƙarfin ƙirji kaɗai. Dole ya sami abin dubawa da zai nuna masa haddi da hanya. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a dubi irin littattafan da aka yi wa sababbin shugabannin yaƙi a ƙasar Hausa a zamani uku, tare da nuna cewa sanin harshen mutanen da ake shugabanta shi ne babin farko na jagorar. An ɗauki ƙasar Jega, wadda Katanga ke ciki, ta zama madubi, saboda zamunan nan uku duk sun bi ta kanta.

Zamanin Jihadi

Kafin zuwan Turawa, sarautun yaƙi irin su Madawaki da Barde da Sarkin Baka ba a koyonsu daga takarda. Yaro yakan tashi a gindin barde yana riƙe masa doki, har ya san sulke da lifidi da yadda ake jera dakaru. Jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne ya kawo rubutacciyar ƙa'ida. Ƙasar Jega kuwa tana da hannu a tushen al'amarin, domin harin da Gobirawa suka kai wa jama'ar Malam Abdussalami a Gimbana yana cikin dalilan hijirar Shehu zuwa Gudu a 1804, kuma Buhari ɗan Abdussalami shi ya kafa garin Jega daga baya.

A 1806 Shehu ya wallafa Bayanu Wujubil Hijra, wanda ya ƙunshi babobi kan hukuncin yaƙi, da rabon ganima, da bayar da amana ga abokin gaba. Ƙaninsa Abdullahin Gwandu kuma ya rubuta Liya'ul Hukkami don masu riƙe da mulki. Da Larabci aka yi su, amma da Hausa da Fulatanci malamai suka riƙa fassara su ga mayaƙa. Watau tun a wancan lokaci littafi yana da harshensa, fagen fama yana da nasa.

Zamanin Turawa

Sojan Nijeriya kan ƙirga asalinsa daga 1863, shekarar da Laftana Glover ya tara 'yar ƙaramar runduna a Ikko, wadda aka sani da Hausawan Glover. Lugga kuma ya kafa rundunar tsaron iyakar Afirka ta Yamma a 1897. Da yake Hausa ce harshen bariki, Baturen hafsan da ya sauko daga Ingila baƙo ne, baƙo kuwa ko da ido makaho ne. Saboda haka littafin da ya fi bukata shi ne na koyon Hausa, aka kuma sanya masa jarrabawa a kanta.

Daga wannan bukata aka sami littattafai da yawa. C. H. Robinson ya fitar da nahawunsa a 1897, aka sake buga shi a 1905 da taimakon Manjo Burdon, Razdan na Sakkwato. A 1908 Kyaftin Charlton ya fitar da A Hausa Reading Book, inda ya kawo rubutun ajami da juyinsa cikin boko. Tsakanin 1911 da 1913 Manjo Frank Edgar ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa juzu'i uku, kuma da yawa daga abin da ke ciki daga lardin Sakkwato aka tattaro shi, lardin da Jega da Aliero da Maiyama suke ciki a lokacin. Ba ƙaunar Hausa ce ta sa su wannan wahala ba, mulki suke nema ya zauna. Duk da haka sun gane cewa umurnin da ba a fahimta ba, ba umurni ba ne.

Wannan cuɗanya ta bar wa Hausa gado na kalmomi. Wasu aro ne da aka gyara suka dace da harshe, kamar hafsa, kurtu, kofur, saje, samanja, kyaftin, manjo, kanar, bariki, fareti da bataliya. Wasu kuwa Bahaushe ne ya dubi abin ya raɗa masa suna. Alamar da ke hannun rigar kofur ya kira ta igiya, tauraron kafaɗar hafsa ya kira shi anini, don ya yi kama da kuɗin nan mai tauraro. Shi ya sa ake cewa saje mai igiya uku, kyaftin mai anini uku. Da wannan harshe dakarunmu suka je yaƙin Bama suka komo a ƙarshen yaƙin duniya na biyu.

Zamanin Yau

Da aka doshi mulkin kai, Turanci ya maye gurbin Hausa a bariki, 'yan ƙasa kuma suka fara zama hafsoshi. Zakariya Maimalari yana cikin na farko da suka fito daga Sandhurst ta Ingila a 1953. A 1964 aka buɗe Makarantar Horar da Hafsoshi ta Kaduna, wadda ta soma bayar da digiri daga 1985. Saurayin Katanga da ya gama sakandare, in ya ci jarrabawa ya shiga, zai shekara biyar a sashen sojan ƙasa, ya fito da anini ɗaya. Wanda ya riga ya sami digiri, alal misali daga jami'ar Aliero, yana da hanyar gajeren horo.

Abin dubawar sabon hafsa a yau ya kasu uku. Na farko doka, watau Dokar Rundunonin Soja, wadda ta fayyace laifuffuka da hukunci da kotun soja. Na biyu sharuɗɗan aiki, inda aka bayyana ƙarin girma da hutu da ritaya. Na uku littattafan dabarun yaƙi da na ladubban aiki. Karatu kuwa ba ya ƙarewa ranar fareti, domin akwai jarrabawar hawa daga laftana zuwa kyaftin, da daga kyaftin zuwa manjo, sa'an nan kwalejin manyan hafsoshi ta Jaji, wadda aka kafa a 1976. Duk waɗannan da Turanci ake yin su.

To, amma aikin soja a arewa maso yamma yau a ƙauyuka yake, wajen fama da 'yan fashin daji. Manomin da ya ga sawun babura a bakin fadama da Hausa zai ba da labari, watakila ma da karin Kabi, wanda ya sha bamban da na Kano. In hafsa bai ji ba, ko tafinta ya karkatar, rai ake yin hasara. Hukumar sojan ƙasa da kanta ta lura da haka, shi ya sa a 2017 ta umurci jami'anta su koyi Hausa da Yarabanci da Ibo.

Kammalawa

An ga cewa a kowane zamani jagorar shugaban yaƙi tana bukatar harshen talakawansa. Nan ne aiki ya hau kan sassan Hausa na jami'o'i. Ya kamata a je wa tsofaffin sojan da suka rage a garuruwa irin su Jega da Maiyama a rubuta kalmomin barikinsu tun suna da rai. Ya kamata kuma a tsara ɗan littafi na aljihu mai ɗauke da gaisuwa, da yadda ake shiga wurin hakimi da dagaci, da sunayen hanyoyi da ƙasa bisa kare-karen harshe, don sabon hafsa ya shiga aiki da shi tun ranar farko. Ba a fafe gora ranar tafiya.