Hutun Bakin Teku Mai Rahusa

Tambaya: Malam, ni da amaryata muna son hutu a bakin tekun Legas. Wani masauki ya ce kuɗi ɗaya ya haɗa ɗaki da abinci. In biya? Ango, daga Katabu.

Amsa: Ango, Allah ya ba da zaman lafiya. Kada ka tura ko sisi sai sun rubuto maka abin da kuɗin ya ƙunsa. Sau da yawa har giya a ciki. Ka ce a cire, a rage maka. Ka tambayi wa ke yanka naman, kuma ko janareta yana kwana a kunne. Ku je tsakanin Nuwamba da Fabrairu, ruwan Yuni yakan kulle mutum a ɗaki. Igiyar ruwan Lekki tana ja, kada amarya ta shiga ya wuce mata gwiwa.